Koyar da Likita Ya Ce "Ban Sani Ba"

A bara aka buƙaci kowane malami a sashenmu ya rubuta shafi ɗaya a kan falsafarsa ta koyarwa, wato ya bayyana abin da ya yarda da shi game da yadda ɗalibi ke zama likita, da abin da yake aikatawa a aji da bakin gado saboda wannan yardar. Na ɗauka aikin rabin sa'a ne. Na zauna bayan isha'i na cika shafin da kalmomin da ake ji a tarurrukan ƙara wa juna sani: ɗalibi ne ginshiƙi, malami jagora ne, neman ilimi ba ya ƙarewa. Da na sake karantawa da safe sai na ga babu jimla ko ɗaya da wani malamin ba zai iya sa mata hannu ba. Na tambayi kaina: da za a ɓoye sunana a miƙa wa ɗalibaina na shekarun farko wannan takarda, za su gane mai ita? Ba za su gane ba. Mutumin da suka sani daban ne da wanda ke cikin takardar.

Sai na yaga ta. Na fahimci cewa kowane malami yana da falsafar koyarwa tun kafin a ce ya rubuta, ko da bai taɓa furta kalmar ba. Tana cikin irin tambayar da yake yi, da yadda fuskarsa ke sauyawa idan an ba shi amsar da ba daidai ba, da abin da yake gani ya yi shiru. Tawa ta farko gadonta na yi ba tare da na bincika ba. Ta biyu kuwa wata mai jego da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ne suka ɗora ni a kanta cikin dare ɗaya. Labarin wannan sauyi nake so in bayar, domin ina zaton duk wanda ke da na ƙasa da shi a wurin aiki, malamin makaranta ne ko lauya ko injiniya, zai tsinci wani abu nasa a ciki.

Gadon da muka ci

Karatun likitanci a Najeriya shekara shida ne. Kusan rabinsa a aji da ɗakunan gwaje-gwaje ake yin sa, sauran a asibitin koyarwa, sannan bayan an rantsar da mutum ya yi shekara ɗaya yana aiki a ƙarƙashin kulawar manya kafin a ba shi cikakken lasisi. Zuciyar wannan horo ita ce zagayen safe. Babban likita yana gaba, likitoci masu neman ƙwarewa suna biye, sai sababbin likitoci, sai ma'aikaciyar jinya da fayilolin marasa lafiya, sai ɗalibai a can baya suna leƙe ta saman kafaɗu. A tsaya a kowane gado, wani ya gabatar da labarin maras lafiya, a duba shi, a yi tambayoyi, a yanke shawarar magani.

Tsarin yana da asali mai kyau. William Osler ya yi suna ne a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, wanda aka buɗe a 1889, saboda ya fitar da ɗalibai daga zauren lacca ya kai su bakin gado, yana mai ganin cewa a jikin maras lafiya ake koyon likitanci. Mu ta hannun Ingila tsarin ya iso mana: kwalejin Ibadan da aka kafa a 1948 tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, daga baya makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo a 1967. Har gobe ban san wata hanya da ta fi wannan ba wajen koya wa mutum ya ji saifa da ta kumbura a ƙarƙashin yatsunsa.

Amma akwai wani abu da ya manne wa tsarin. Tambaya tana farawa daga mafi ƙanƙanta, kuma wanda bai sani ba sai ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Ana iya tambayarsa wanda ya ba shi gurbi a makarantar, a gaban abokansa da maras lafiya da masu jinya. Ba da daɗewa ba muka ƙware a dabarun tsira: mu tsaya bayan dogo, mu kauce wa haɗa ido, in kuma tambaya ta same mu, mu faɗi abin da muke zato da muryar wanda ya tabbatar. Ba na zargin malamanmu. 'Yan ƙalilan ne, aiki ya yi musu yawa, kuma da yawansu suna iya gane ciwo da ido da hannu kafin sakamakon gwaji ya dawo. Sun yi imani cewa tsoro na sa ɗalibi karatu, kuma lallai ya sa mu. Sai dai ya koya mana darasi na biyu wanda ba wanda ya yi niyyarsa, wato cewa rashin sani abin ɓoyewa ne.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na zama babban likita na ɗauki sandar daga inda aka ajiye ta. Na ji labarin ɗalibai sun laƙaba mini suna, suna gargaɗin juna kafin su shigo rukunina, kuma abin ya yi mini daɗi. Na ɗauka alama ce ta cewa ba na wasa da rayuwar mutane.

Daren Alhamis

Wata Talata, a zagayen safe, wani sabon likita wanda bai fi wata biyu da fara aiki ba ya gabatar da maras lafiya. Na ce ya nuna mini jijiyoyin wuyanta ya faɗa mini ko sun cika. Ya duba, ya yi jim, ya fara kame-kame. Na ce masa in har bai iya wannan ba gara ya koma gida ya kama kiwon kaji, don su ko sun mutu asarar ba ta da yawa. Aka yi dariya. Muka wuce gado na gaba, na manta da maganar kafin azahar.

Daren Alhamis shi ne ke kwanan aiki. Da yamma an kwantar da wata mai jego da aka kawo daga ƙauye, mako biyar da haihuwa, tana tari da haki, ƙafafunta sun kumbura. Wajen tsakar dare awon jininta ya yi ƙasa. Likitan da ke sama da shi yana sashen agajin gaggawa, an kawo mutanen da suka yi hatsarin mota. Yaron ya yi abin da ake yi wa mafi yawan waɗanda awon jininsu ya faɗi: ya sa mata ƙarin ruwa, ya buɗe shi sosai.

Ga wanda ba likita ba, ga inda matsalar take. Awon jini yakan faɗi idan ruwan jiki ya ragu, kamar a amai da gudawa ko zubar jini, kuma a nan ƙarin ruwa ceto ne. Yakan kuma faɗi idan zuciya ta raunana ta kasa tura jinin da ke akwai, kamar injin ban ruwa da ƙarfinsa ya ƙare alhali rijiya a cike take. A wannan hali ruwan da aka ƙara ba shi da wurin zuwa sai huhu, sai mutum ya riƙa nutsewa yana kwance a kan gado. Ana bambanta su ne da abubuwa masu sauƙi: jijiyoyin wuya da suka cika, ƙarar ruwa a ƙasan huhu mai kama da ana murza gashi kusa da kunne, da kasa kwanciya a miƙe. Ciwon wannan baiwar Allah na biyun ne, raunin zuciya da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa.

Ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin, wadda ta kusa ritaya, ita ta lura matar ta tashi zaune tana kokawa da numfashi, kumfa na fita daga bakinta. Ta rufe ruwan, ta jingina ta da matasai, ta sa mata iskar oksijin, ta kira ni da ƙarfe biyu da rabi. Na zo muka yi mata allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari, muka zauna a kanta har asuba. Allah Ya sa tana da sauran kwana. Amma ta ƙara mako uku a asibiti, uwarta na goye da jaririn a baranda, mijinta kuma ya sayar da awakinsa biyu kafin ya biya kuɗin magani da iska.

Da gari ya waye na buɗe fayil. Yaron ya rubuta cewa jijiyoyin wuya ba su cika ba, ƙirji kuma wasai. Na kira shi ofishin ma'aikatan jinya. Bai yi musu ba. Ya ce ya duba wuyan bai tabbatar da abin da ya gani ba, ya ji wata ƙara a ƙirji bai san sunanta ba, sai ya rubuta abin da ba zai jawo tambaya ba. Ya ce sau biyu yana danna lambata yana kashewa kafin ta shiga. Na ce don me. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji tsoron ka maimaita abin da ka faɗa ranar Talata."

Na buɗe baki zan fara, sai ma'aikaciyar jinyar ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Likita, in ka yarda in sa baki. Na tsufa a ɗakin nan, na ga manya da yawa. Yaran nan sun fi jin tsoronka a kan mutuwar maras lafiya. Kuma ba da shi suka zo ba, a nan suka koya." Ta ɗauki tiren magani ta fita. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Yaron ya yi kuskure biyu, na magani da na rubuta abin da bai tabbatar ba, kuma sai da ya amsa su. Amma hannun da ya kashe wayar nan sau biyu, ni na horar da shi.

Abin da na gano daga baya

Na shiga karanta abin da masana suka rubuta game da koyar da likitoci, abin da ban taɓa yi ba duk da shekarun da na yi ina koyarwa. A jami'o'inmu ana ɗauka duk wanda ya iya aiki ya iya koyar da shi. A nan na ci karo da abin da Frederic Hafferty da Ronald Franks suka tattauna a 1994 da sunan ɓoyayyiyar manhaja. Ma'anarta ita ce kowace makarantar likitanci tana da manhaja biyu: wadda aka buga a takarda, da wadda ɗalibi ke tsinta daga halayen manya, daga abin da ake yabo da abin da ake yi wa ba'a. Idan suka saɓa, ta biyun ce ke rinjaye. A lacca ina cewa a nemi taimako idan abu ya shige duhu. A bakin gado ina nuna musu farashin neman taimakon.

Na kuma karanta matakai huɗu da George Miller ya zayyana a 1990 don auna ƙwarewar likita: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan ya aikata a aikinsa na yau da kullum. Tambayoyina na zagayen safe duk a matakin farko suka tsaya, domin hadda nake aunawa da saurin baki. Daren Alhamis kuwa mataki na huɗu ya nema, lokacin da ba mai kallo. Sai na lura akwai wani abu da dukkan matakan ke zaune a kansa, wato mutum ya san inda iliminsa ya ƙare, ya kuma iya faɗa da babbar murya. Likitan da bai san abu ba amma ya san bai sani ba, waya ɗaya ta raba shi da amsa. Wanda ya koyi rufe giɓin da kwarjini, babu mai iya ceton maras lafiyarsa, don ba wanda ya san akwai abin ceto.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba sai na je Amurka zan koyi wannan ba. Ibn Nadim ya ba da labarin yadda Abubakar Razi, babban likitan Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen 925, yake zama da ɗalibansa sahu-sahu. Maras lafiya zai fara da na farko. In sun san amsa su bayar, in ba su sani ba ya wuce sahu na gaba, har magana ta kai ga Razi. Tambaya tana hawa daga ƙasa zuwa sama kamar a zagayenmu, sai dai a can miƙa ta gaba wani ɓangare ne na aikin. An kuma ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi arba'in da takwas, ya amsa talatin da biyu daga ciki da cewa bai sani ba, kuma malamai suna kawo wannan ne a babin yabonsa. Ni kaina na tashi ina ganin malamin zaure na unguwarmu, idan an kawo masa mas'ala mai wuya, yana cewa a bari ya duba, ya jawo littafi a gaban kowa, ba tare da girmansa ya ragu ba. Wannan tarbiyya na tuɓe ta tare da takalmina na gida ranar da na sa farar riga.

Abin da na sauya

Na fara da doka ɗaya wadda nake faɗa wa kowane sabon rukuni a ranar farko. Amsa uku ce karɓaɓɓiya a wurina: na sani, ina zato, ban sani ba. Duk ukun ba mai jawo faɗa. Abu ɗaya ne ba na yafewa, shi ne mutum ya faɗi ko ya rubuta cewa ya duba abin da bai duba ba, ko ya tabbatar da abin da yake shakka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma fayil ɗin maras lafiya wurin wanka ne: likitan da zai zo da dare ba shi da abin dogaro sai abin da na rana ya rubuta.

Na sauya irin tambayar da nake yi. Maimakon in ce a lissafo mini dalilai goma na kumburin ƙafa, sai in ce, "Wannan matar, me kake ganin yana damunta?" In ya faɗa, in ce, "Me ka gani da ya kai ka nan?" Daga nan in ba shi ƙa'ida ɗaya da zai tafi da ita, in faɗi abin da ya yi daidai, in gyara inda ya kauce. Wasu likitocin iyali a Amurka ne suka tsara wannan hanya a 1992, kuma ba ta cin fiye da 'yan mintoci. Amfaninta shi ne tana fito da tunanin ɗalibi fili. Sau da yawa amsa daidai tana zaune a kan dalili gurgu, amsa kuskure kuma tana bayan tunani mai kyau da ya rasa bayani ɗaya. Da tsohuwar hanyata ba zan taɓa ganin bambancin ba.

Na daina gyara mai zafi a gaban maras lafiya. Abin da ya shafi lafiyarsa nan take ana gyara shi nan take, cikin murya ta yau da kullum. Sauran sai mun fita baranda. Dalilin bai tsaya ga mutuncin ɗalibi ba. Matar da ta ga an kunyata likitan da zai kwana da ita, da wace zuciya za ta karɓi allura daga hannunsa?

Na kuma sa sharaɗin cewa kafin mu bar gado, ɗalibi zai juya ya yi wa maras lafiya bayanin ciwonsa da Hausa. Wanda ba ya jin Hausa ya yi ta bakin tafinta, ni ina saurare. Da Turanci muke karatu, 'yan'uwanmu na Nijar da Faransanci, marasa lafiyarmu kuwa da Hausa suke ciwo. Na gano cewa Turanci mafaka ce: ɗalibi na iya jera manyan kalmomi bai fahimci komai ba, amma da zarar an ce ya gaya wa Iya abin da ke damun 'yarta, sai gaskiya ta bayyana. A nan suke koyon cewa kalma ɗaya tana da fuska biyu. Wani ɗalibi ya taɓa gaya wa wata tsohuwa cewa 'yarta na da ciwon zuciya, ta gyaɗa kai ta ce ai dama ta sani, kishiya ce ta sa mata shi. A nan suke koyon cewa "sanyi" da "shawara" da "basir" kowannensu buhu ne da aka zuba cututtuka daban-daban a ciki, sai an kwance an duba. Suna kuma koyon cewa mace na iya tsallake ɗan fari idan an tambaye ta yawan 'ya'yanta, saboda kunya, don haka a sake tambayar ta wata hanya.

Mafi wuya shi ne ni ma in riƙa cewa ban sani ba, in kuma janye abin da na koyar idan ilimi ya ci gaba. Ciwon mai jegon nan ya ba ni misali. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun bayyana yawansa a tsakanin matan Zariya da kewaye, suka danganta shi da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawan sinadarin sodiyam. Shekara da shekaru ina koyar da wannan a matsayin magana yankakkiya. Amma tun a 1992 masu bincike a Yamai suka nuna alaƙar ciwon da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Sannan binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da al'adun jego ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Kanwa har yanzu tana cutar da zuciyar da ta riga ta raunana, amma ɗora mata asalin ciwon ya zama abin sake dubawa. Na tsaya gaban ɗalibai na ce abin da na koya wa yayyensu yana buƙatar gyara, na kuma faɗi dalili. Ina jin sun fi amfana da wannan minti biyar ɗin a kan laccar da ta biyo baya.

Ƙorafin abokan aiki

Wani abokina da muka yi karatu tare ya ce mini shagwaɓa su nake yi. Hujjarsa ita ce aikin likita ba ya tausayin kowa, wanda bai jure tsawar malami ba ba zai jure jini da mutuwa ba, kuma mu da aka gasa ai ga mu mun zama mutane. Ban raina maganarsa ba, domin a watannin farko na ga alamarta. "Ban sani ba" ta yi araha, wasu suka mai da ita hanyar hutu. Sai na mai da ita bashi. Ina da ɗan littafi a aljihu. Duk wanda ya ce bai sani ba, in rubuta sunansa da tambayar, gobe da safe da shi za a fara. Ni ma idan na ce ban sani ba, sunana yana shiga littafin, kuma suna da ikon bi na bashin. Wanda ya tara bashi bai biya ba, ba na sa hannu a littafin horonsa.

Abin da nake gaya wa abokina shi ne tsanani daban, wulaƙanci daban. Tsanani yana kan aikin: sake duba ƙirjin nan, ba ka kai ƙasa ba, sake rubuta wannan, ba wanda zai gane shi da ƙarfe uku na dare. Wulaƙanci yana kan mutumin, kuma ba ya gaya masa abin da zai gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na taɓa kayar da wani ɗalibi mai ladabi da nake ƙauna, saboda a jarrabawa ya ce ya ji hanta daidai alhali ta sauko yatsu huɗu, kuma hannunsa bai je wurin ba. An kira ni a waya daga wurare da ban zata ba, ana roƙo. Na ƙi. Ya maimaita, ya ci da kyau. Game da cewa mu da aka gasa mun zama mutane, mu da muka tsira ne ke ba da labari. Ba a tambayi waɗanda suka bar karatun ba, ba a kuma tambayi marasa lafiyar da muka yi wa shiru a kansu muna ƙanana ba.

Akwai ƙorafi na biyu wanda ya fi ƙarfi, shi ne lokaci. Ɗalibai fiye da ashirin a kan gado ɗaya, abokan aiki suna ta tafiya Saudiyya da Ingila, layin masu jiran ganin likita ya kai bakin ƙofa. A irin wannan hali tsawa ta fi sauri. Abin da nake iya yi shi ne in raba su biyu-biyu, kowane biyu da gadonsu, in zaɓi gado uku kacal da zan koyar a kansu sosai kowace safiya, sauran in yi aikin magani kawai. Kuma ina zamewa. A watan jiya, bayan dare biyu ba barci, na daka wa wata ɗaliba tsawa a kan ƙaramin abu, na ga sauran sun koma bayan dogo kamar yadda muke yi a da. Washegari na ba ta haƙuri a gaban waɗanda aka yi abin a gabansu. Ya yi mini nauyi ƙwarai, kuma na san an ɗauki kwanaki kafin hannuwa su sake tashi.

Shafin da na miƙa

A ƙarshe abin da na miƙa wa sashe bai cika rabin shafi ba. Na rubuta cewa ina koyarwa ne domin daren da ba na nan. Na rubuta cewa burina ɗalibi ya bar hannuna ya iya duba maras lafiya da hannu da ido da kunne, ya iya yi masa bayani da harshen da yake ji, ya san iyakar saninsa, ya kuma ɗaga waya idan ya kai iyakar. Na rubuta cewa ma'aunina shi ne gaskiyar abin da ke cikin fayil, da yawan tambayoyin da ake kawo mini kafin abu ya ɓaci. Wani daga cikin masu dubawa ya ce ya yi gajarta, babu kuma manyan kalmomi. Na bar shi yadda yake.

Yaron daren Alhamis ya gama shekararsa a rukunina. Mun shafe makonni muna duba wuyan kowane maras lafiya tare, da fitilar waya idan wuta ta ɗauke, har ya fi ni saurin gani. Ma'aikaciyar jinyar ta yi ritaya. Na je gidanta na yi mata godiya, ta ce ita ba ta ma tuna ta faɗi haka ba.

Yanzu wayata tana ƙara da dare fiye da da, har mai ɗakina ta ce in riƙa kwana a falo ranar da rukunina ke karɓar marasa lafiya. Mafi yawan kiran, da an jira safiya ba abin da zai faru. Muryar takan fara da ba da haƙuri, in ce a bar haƙurin a faɗa mini abin da aka gani. Sai in ji an ce, "Ranka ya daɗe, na duba wuyanta, ina zaton jijiyoyin sun cika, amma ban tabbatar ba. Ban sa ruwa ba tukuna." In ce ya yi daidai, ya jingina ta da matasai, ga ni nan zuwa.